Yadda Ake Raba Yara da Ƙwarƙwata, da Yadda Ake Hana Ta Dawowa

Duk uwar da ƙwarƙwata ta taɓa shiga kan 'yarta ta san yadda abin ke tafiya. A tsefe kai, a sa magani, a wanke, a ga ƙwarin sun zube a ruwa, a yi sabon kitso, hankali ya kwanta. Bayan mako biyu yarinya ta koma susa da hannu bibbiyu. Sai a ce maganin ne ba shi da ƙarfi, a shiga neman wanda ya fi shi, kuma daga nan ne wasu ke kai hannu ga kananzir ko fiya-fiya. Alhali yawanci maganin ya yi aikinsa, ƙwai ne aka bari a baya. Wanda ya gane lissafin kwanakin ƙwan nan zai iya gamawa da ƙwarƙwata da mataji da man gashi kawai. Wanda bai gane ba kuwa, ko me ya zuba a kan yaro sai ta dawo.

Yadda take rayuwa

Ƙwarƙwatar kai, wadda a wasu wurare ake ce wa ƙeya, girmanta bai wuce ƙwayar riɗi ba, milimita 2 zuwa 3. Ƙafafunta shida ne, kowace da ƙugiyar da take riƙe silin gashi. Ba ta da fuka-fuki, ba ta tashi, ba ta tsalle, rarrafe kawai take yi, amma da sauri. Jini take sha daga fatar kai sau da yawa a yini. A kan mutum takan yi kamar kwana 30, idan kuwa ta faɗo ƙasa ko kan matashi, kwana ɗaya zuwa biyu ta mutu don yunwa.

Macen takan yi ƙwai kamar 6 zuwa 8 a kowace rana. Tana manne kowane ƙwai a jikin silin gashi dab da fata, da wani irin danƙo da ruwa da sabulu ba sa narkarwa. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 7 zuwa 10. 'Yar da ta fito tana bukatar sama da mako guda, yawanci kwana 9 zuwa 12, kafin ta girma ta fara nata ƙwan. Waɗannan lambobi biyu su ne ginshiƙin duk abin da za a faɗa a ƙasa: magani yana kashe masu rai, amma ba ya kashe dukkan ƙwai, don haka dole a dawo a tare waɗanda suka ƙyanƙyashe kafin su balaga.

Kai da kai ne babbar hanyar ɗauka: yara biyu a kan matashi ɗaya, 'yan mata sun haɗa kai suna kallon waya, layin ɗalibai a tabarmar Islamiyya, goyo a bayan yaya. Aron hijabi, ɗankwali, hula da mataji yana kawo ta, sai dai bai kai haɗa kai ba. Kaji, kuliyoyi, awaki da karnuka ba ruwansu, ƙwarinsu daban ne. Kuma ba alamar ƙazanta ba ce. Tana zama a kan da ake wankewa kullum kamar yadda take zama a wanda ba a wankewa, domin idan ruwa ya taɓa ta sai ta ƙanƙame gashi ta yi lamo har a gama.

Ki tabbatar ita ce kafin ki sa komai

Ƙaiƙayi shi kaɗai ba shaida ba ne. Yaron da ya fara kamuwa zai iya yin mako 4 zuwa 6 bai fara susa ba, saboda ƙaiƙayin martanin jiki ne ga yawun ƙwaron, kuma yana ɗaukar lokaci kafin ya taso. Haka kuma amosani, maƙero, zufa a ƙarƙashin hijabi da kitson da ya yi tsauri duk suna sa susa.

Ki zaunar da yarinya a tsakar gida da hantsi, inda haske yake sosai. Ki tsefe kitson gaba ɗaya, don ba a duba ƙwarƙwata ta tsagar kitso. Ki fara da bayan kunnuwa da ƙeya, can ta fi son yin ƙwai saboda ɗumi. Ƙwai mai rai launinsa ruwan ƙasa ne ko ruwan toka, yana dab da fata, bai cika wuce santimita ɗaya daga tushen gashi ba. Wanda ya yi fari fat, ya yi nisa da fata, yawanci ɓawo ne da 'yar ta riga ta fita. Gashi yana tsiro kamar santimita ɗaya a wata, saboda haka ɓawon da kika gani santimita uku daga fata ya kai wata uku da yi. Sai dai a ƙasa mai zafi irin tamu takan iya yin ƙwai nesa da fata kaɗan, don haka kada ki raina wanda launinsa bai yi fari ba.

Bambanta ƙwai da amosani ba wuya. Ki hura ko ki kaɗa da yatsa: amosani zai tashi, ƙwai ba zai motsa ba sai kin kama shi da farce kin ja shi har ƙarshen silin. Idan kika matse mai rai tsakanin faratan manyan yatsu biyu za ki ji ƙas. Maƙero kuma daban yake, yana cin gashi ya bar fili mai ɓawo-ɓawo, kuma maganinsa na sha ne na makonni, daga asibiti.

Ba a fara magani sai an ga ƙwarƙwata mai rai tana motsi, ko ƙwai masu rai dab da fata. Ranar da kika gan ta a kan mutum ɗaya, ki duba kowa a gidan, har ke kanki da kaka da mai aiki. Waɗanda aka samu da ita a yi musu magani rana ɗaya. Idan aka yi wa ɗaya yau, aka bar ɗaya sai jibi, a daren farko za su sake raba wa juna.

Hanya ta farko: taje jiƙaƙƙen gashi

Wannan ita ce hanyar da ta dace da kowa, har jariri da mai ciki da mai shayarwa da mai asma. Ba guba a ciki, kuma ƙwarƙwata ba ta iya sabawa da mataji kamar yadda take sabawa da magani. Kuɗinta haƙuri ne.

Ki tanadi babban mataji mai faɗin haƙora, da ƙaramin matajin ƙwarƙwata, da kibiyar tsaga, da kandishana, wato man laushin da ake shafawa bayan wanke kai, da farin ƙyalle ko tishu, da roba mai ruwan zafi da sabulu, da ribom ko zaren ɗaure gashi. Idan babu kandishana, man kwakwa, man zaitun ko narkakken man kaɗanya zai yi. Matajin shi ne abin da ba a yi masa ƙwauro. Tsakanin haƙoransa ya zama milimita 0.2 zuwa 0.3, yadda da ƙyar farce zai shiga. Ga gashinmu mai kauri da murɗewa, na ƙarfe mai dogayen haƙora ya fi na roba, don na roba yana buɗewa ko ya karye, ƙananan su bi ta tsakani.

1. Ki wanke kan da sabulun wanke gashi, ki ɗauraye.

2. Ki lafta kandishana ko mai tun daga fata har bakin gashi, da yawa, sai gashin ya yi santsi yana zamewa a hannu. Man yana daskarar da ƙwarin na ɗan lokaci, su kasa gudu, kuma yana sa mataji ya bi ba tare da yarinya ta yi kuka ba.

3. Ki warware gashin da babban mataji, daga baki kina hawa zuwa tushe, har sai ya daina sarƙewa. Kada ki tsallake wannan. Wadda ta sa ƙaramin mataji a gashin da bai warware ba, gashin za ta tsinke, yarinya kuma ba za ta sake yarda ta zauna ba.

4. Ki tsaga kan gida huɗu zuwa takwas, ki ɗaure kowane gida. Ki kwance guda ɗaya, ki ɗebi siririn layi da kibiya, faɗinsa bai fi na matajin ba, kaurinsa kamar yatsa.

5. Ki kafa ƙaramin matajin dab da fata, haƙoran suna taɓa ta a hankali, ki miƙar da gashin da ɗaya hannun, ki ja har baki a tafi ɗaya. Yawancin ƙwarin a kan fata suke, don haka wadda ta fara tajewa daga tsakiyar gashi ta bar su a baya.

6. Bayan kowace ja ki goge matajin a farin ƙyalle ki duba. Za ki ga manya, da ƙanana kamar ɗigon barkono. Ki tsoma matajin a ruwan sabulu. Ki bi kowane layi sau uku zuwa huɗu, ta sama, ta ƙasa da ta gefe, sannan ki ɗaure shi gefe guda don kada ya haɗu da wanda ba a taje ba.

7. Idan kin gama kan duka, ki ɗauraye man, ki sake bi sau ɗaya da gashin a jiƙe. Ƙwan da mataji ya bari ki zare da farce.

Gajeren gashi minti goma zuwa sha biyar ne. Cikakken gashin yarinya mai kauri zai ci rabin awa zuwa awa guda, wani lokaci fiye. Ki ba ta abin da zai ɗauke mata hankali, gyaɗa ko tatsuniya, kuma idan gashin ya fara bushewa ki yayyafa ruwa ki ƙara mai.

Yanzu lissafin. Ana yin wannan tajewa a rana ta 1, ta 5, ta 9 da ta 13, sannan a duba a rana ta 17. Shi ne jadawalin da hukumar lafiya ta Ingila take ba iyaye. Idan kin fara ranar Asabar, ta biyu Laraba ce, ta uku Lahadi, ta huɗu Alhamis, dubawar ƙarshe kuma Litinin. Hikimar tazarar kwana huɗu ita ce duk 'yar da ta ƙyanƙyashe bayan tajewar farko za a cire ta tun ba ta kai yin ƙwai ba, kuma zuwa rana ta 13 duk ƙwan da ke kan ya riga ya fashe. A tajewa ta biyu da ta uku ƙanana kawai ya kamata ki gani. Idan kika ga babba, ko dai ta tsere miki a baya, ko yarinya ta sake ɗaukowa daga wani. A nan sai ki mai da wannan ranar ta zama rana ta 1, ki sake ƙirgawa.

Cikin waɗannan kwanaki 17 a haƙura da ƙananan kitso. A yi kalaba manya huɗu zuwa shida da za a kwance cikin minti biyar. Nan ne aka fi faɗuwa: an yi magani ranar Juma'a, an kai yarinya gidan mai kitso ranar Asabar an yarfa mata shuku na mako uku, ƙwai suna ciki suna ƙyanƙyashewa ba mai ganinsu. Idan biki ko Sallah ta matso, gara a fara aikin da wuri.

Ga yara maza kuwa aski ya wadatar. A aske ƙwal, a share gashin a ƙulle a leda ko a ƙona, a tabbata reza sabuwa ce ko an tsabtace injin. Yarinya ba a yi mata aski saboda ƙwarƙwata sai in gashin ya dunƙule da ƙuraje ya gagari mataji. Abin da tsokanar ƙawaye za ta yi mata ya fi ƙwarƙwatar ciwo.

Hanya ta biyu: maganin shafawa

Idan za ki sayi magani, ki je shagon magani mai rajista, ki karanta sunan sinadarin da ke jikin kwali, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Kada ki karɓi ruwan da aka ɗura a kwalbar da ba rubutu.

Wanda aka fi sani shi ne permethrin mai ƙarfin kashi 1 cikin 100. Ana sa wa yaro daga wata biyu zuwa sama. Ki lura akwai permethrin mai kashi 5, wannan na ƙazuwa ne. Ki wanke kan da sabulu zalla har man kitso ya fita tas, kuma kada ki sa kandishana, domin mai da kandishana suna lulluɓe gashi su hana maganin kamawa. Ki tsane da tawul ya zama da ɗan danshi. Ki tsaga layi-layi kina shafawa a fata da gashi har ko'ina ya jiƙe, musamman ƙeya da bayan kunne. Ki duba agogo, minti 10 cif, sannan ki ɗauraye. Kada a sake wanke kan da sabulu sai bayan kwana biyu, don ragowar maganin da ke jikin gashi yana ci gaba da aiki. A maimaita a rana ta 9. Wannan shafawa ta biyu ba zaɓi ba ce, ita ce ke kashe waɗanda suka fito daga ƙwai.

Akwai dimeticone mai kashi 4. Shi ba guba ba ne, wani mai ne da ke lulluɓe ƙwaron ya toshe masa kafofin jiki har ya mutu, shi ya sa ƙwarƙwata ba ta saba masa. A busasshen gashi ake sa shi, a bar shi awa 8 ko ya kwana, a wanke, a maimaita bayan kwana 7. Ana amfani da shi daga wata shida. Akwai kuma malathion mai kashi 0.5, wanda ake bari awa 8 zuwa 12. Yana da wari, wani nau'insa an haɗa shi da sinadari mai kama wuta, kuma ba a sa wa ƙaramin yaro ko mai asma sai da shawarar ma'aikacin lafiya. Duk yaron da ke ɗauke da ɗayan waɗannan biyun a kai, a nisanta shi da murhu, risho, fitilar kwai, kyandir da maganin sauro na kunnawa har sai an wanke.

Yawan da ake sawa yana da muhimmanci. Mililita 50 na gajeren gashi ne. Gashi mai cika da tsawo zai sha 100, wani har 150. Raba kwalba ɗaya wa yara uku asarar kuɗi ce, don ba wanda zai warke a cikinsu.

Wajen ɗauraya, ki sunkuyar da yaro a kan baho, ruwan ya zuba a ciki, kada ya bi jikinsa. Ruwa mai ɗan ɗumi ko mai sanyi, ba mai zafi ba, saboda zafi yana buɗe fata ta ƙara shan magani. Ki ba shi tawul ya rufe ido. Idan ya shiga ido a wanke da ruwa mai yawa nan take. Kada ki ɗaure kan ƙaramin yaro da leda ya kwanta barci, ledar na iya zamewa ta rufe masa hanci.

Bayan awa 8 zuwa 12 da sa permethrin ki duba da mataji. Idan kin ga matattu da wasu masu tafiya a sanyaye, maganin yana ci, ki taje su kawai. Idan suna gudu kamar ba a yi komai ba, to wannan ƙwarƙwatar ta saba da maganin, abin da ya zama ruwan dare a ƙasashe da yawa. Kada ki ƙara yawa ko ki tsawaita lokaci. Ki canja zuwa wani nau'in, ko ki koma tajewa. Kuma ba a haɗa magani biyu a kai lokaci ɗaya. Ko wanne kika zaɓa, ki ci gaba da bin kan da mataji duk bayan kwana uku zuwa huɗu har mako biyu.

Ƙwayar ivermectin, wadda mutane da yawa suka sani da sunan Mectizan da ake rabawa don makantar kogi, tana kashe ƙwarƙwata, amma likita ne ke rubuta ta bisa nauyin yaro. Ba a ba wanda bai kai kilo 15 ba, ba a ba mai ciki. Maganin da aka rubuta lindane a jikinsa kuwa ki ajiye shi, yana iya taɓa ƙwaƙwalwar yaro ya jawo jijjiga.

Abin da ba ya taɓa kan yaro

Fiya-fiya da Sniper sinadarinsu dichlorvos ne, gubar feshin ƙwari. Tana ratsa fata ta shiga jini, kuma kan da aka sosa ya yi rauni ya fi saurin sha. A 2019 jaridun Najeriya sun ruwaito mutuwar wata 'yar hidimar ƙasa a jihar Osun bayan ta sa Sniper a gashinta, kuma a shekarar ce NAFDAC ta hana sayar da shi a kasuwanni da kantuna barkatai. Babbar mace ke nan, ina ga yarinya 'yar shekara biyar. Haɗa shi da man kitso ba ya rage masa dafi, ƙara masa daɗewa a fata yake yi.

Kananzir da fetur suna ƙona fata, tururinsu yana cutar da huhu, kuma tartsatsi ɗaya daga murhu ya isa. Kafur ɗin da ake sawa a akwatin kaya, wanda wasu ke dakawa su kwaɓa da mai, yana iya farfasa ƙwayoyin jinin yaran da aka haifa da ƙarancin wani sinadari da likitoci ke kira G6PD, kuma masu wannan yanayi suna da yawa a yankinmu, akasari ba su ma sani ba. Alamarsa idanu su yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar shayi. Maganin feshin gona, na wankan dabbobi da garin kashe kyankyaso duk layi ɗaya suke. Man miƙar da gashi ma ba maganin ƙwarƙwata ba ne, ƙona kan da ke da ƙuraje kawai zai yi.

Idan an riga an sa wa yaro irin wannan guba, aka ga yana dalalar da yawu, zufa, amai, gudawa, ƙwayar idonsa ta ƙanƙance, numfashi na yi masa wuya ko jikinsa na karkarwa, a cire masa kaya, a wanke kai da jiki da sabulu da ruwa mai yawa, a garzaya asibiti tare da kwalbar. Kada a tsaya ba shi manja ko madara, kada a sa shi amai. Akwai allurar da ke karya wannan dafi, amma a asibiti take, kuma mintuna suna da daraja.

Su man darbejiya, lalle, ruwan khal da ruwan lemun tsami fa? Ba su da haɗarin waɗancan, sai dai ba a dogara da su su kashe ƙwai. Inda aka ga sun yi aiki, yawanci tajewar da aka haɗa da su ce ta yi. Khal da lemun tsami kuma suna yi wa kan da aka sosa raɗaɗi.

Kayan gida

A nan mutane ke wahalar da kansu a banza. Tun da ƙwarƙwata ba ta wuce kwana biyu a wajen kai, abin da ya taɓa kan yaro cikin kwana biyun da suka wuce kawai za ki kula da shi: rigar matashi, zanin gado, hijabi, ɗankwali, hula, tawul. Ki jiƙa su minti 10 a ruwan zafin da ya kai digiri 60, wato wanda hannu ba zai iya zama a ciki ba, ki wanke, ki shanya a rana, ki bi da dutsen guga, musamman wajen ɗinkin fuskar hijabi. Abin da ba ya wankuwa, kamar hular saƙa mai tsada, a ƙulle a leda mako biyu. Mataji, kibiya da ribom su sha ruwan zafi minti 10. Katifa da tabarma a kakkaɓe a baza a rana. Ba a bukatar fesa maganin ƙwari a ɗaki.

Idan kuwa a ɗinkin riga da wando kike ganin ƙwarin da ƙwansu, kuma jiki ne ke ƙaiƙayi, wannan ƙwarƙwatar jiki ce. A tufafi take zaune, an fi samunta inda ake cunkoso ba ruwan wanki, kuma ita tana iya yaɗa zazzaɓi mai tsanani, saɓanin ta kai. Maganinta wanka, tafasa tufafi da guga.

Hana ta dawowa

Babu wani mai ko sabulu da zai ba da tabbacin kariya, kuma ba a shafa maganin ƙwarƙwata a kan da ba ta a ciki da sunan rigakafi. Abin da ke aiki shi ne a kama ta da wuri. Duk ranar tsifa ki mai da ita ranar dubawa: kafin a yi sabon kitso, minti biyar da ƙaramin mataji a ƙeya da bayan kunnuwa. Ɗalibar makarantar kwana a duba ta ranar da ta dawo hutu, tun kafin ta kwana da ƙannenta, a sake dubawa kafin ta koma. Haka idan yara sun dawo daga hutu a gidan dangi.

Kowace yarinya ta san hijabinta da ɗankwalinta, ki ɗinka wata alama da zare mai launi a ciki. A makaranta kada a tara hijabai a ƙusa ɗaya, kowa ta sa nata a jaka. Gashi a kitse ko a ɗaure ya fi wanda aka sake wuyar ɗauka. Idan za a je gidan kitso, ki ba yarinya matajinta da kibiyarta da manta. Ba cin fuska ba ne, mai kitson da ta san aikinta za ta ji daɗi ma, don ita ce ake fara zargi idan abu ya ɓulla a unguwa.

Kunya ce ke sa ƙwarƙwata ta daɗe a aji. Kowace uwa tana yi wa 'yarta magani a ɓoye, yaran kuma suna ta mayar wa juna. Ki samu malamar a keɓe ki ce, "Malama, na ga ƙwarƙwata a kan 'yata, na fara magani. Don Allah a sanar da iyaye kowa ya duba nasa a ƙarshen makon nan, ba sai an ambaci suna ba." Haka za ki gaya wa maƙwabciyar da 'ya'yanku ke wasa tare. Ba a hana yaro zuwa makaranta saboda ƙwarƙwata. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma ta daɗe tana cewa kada a kori ɗalibi don an ga ƙwai a kansa. A makarantar kwana ko tsangaya, inda yara da yawa ke kwana wuri ɗaya, sai an ware rana guda an duba kowa, an yi wa masu ita magani tare, an kuma sa ranar zagaye na biyu tun a lokacin.

Lokacin da za a nemi ma'aikacin lafiya

Ƙaiƙayi zai iya ci gaba mako biyu zuwa uku bayan ƙwarin sun mutu, wannan ba dalilin sake magani ba ne muddin mataji bai fito da mai rai ba. Ki yanke wa yaro farce don rage rauni. Amma ki kai shi asibiti idan kan ya yi ƙuraje masu ruwa ko mugunya, ko ɓawo mai launin zuma, ko kaluluwa ta fito a wuya da bayan kunne tare da zazzaɓi. Ƙwayoyin cuta ne suka shiga inda aka sosa, kuma sai an magance su kafin a shafa maganin ƙwarƙwata a wurin. Haka idan jaririn bai kai wata biyu ba, ko an ga ƙwarin a gashin ido, ko yaron ya daɗe da ita sosai har tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari, domin mai yawa da ta daɗe tana iya jawo ƙarancin jini. Idan kuma an yi zagaye biyu cikakku na magani yadda aka tsara, har yanzu ana ganin masu rai, ki tafi da kwalin maganin da kika yi amfani da shi, da ranakun da kika shafa, da 'yan ƙwarin da kika taje a manne a jikin salatif, don a ga abin da ake fama da shi a zaɓa miki wani.